HAILAIF: KIƊAN DA YA ISO MANA CIKIN KAYAN ƳAN CIN RANI



Ranar Asabar da ta wuce, cikin shirin dare, munka saka wani tsohon kiɗa na E.T. Mensah, mabushin nan ɗan ƙasar Gana. Minti uku ne kacal. Kafin ya ƙare waya ta fara ƙara. Na farko wani matashi ne, ya ce: "Wai ku kiɗan gida ya ƙare ne, da za ku ɗauko mana na coci?" Wani ya turo saƙo ya ce wannan kiɗan mashaya ne, bai kamaci gidan radiyon Musulmi ba. Sai kira na uku, wani dattijo daga wani ƙauye na yankin Mayahi, murya na rawa. Ya ce: "Ɗana, rabona da wannan kiɗa tun ina saurayi ina dako a kasuwar Kumasi, kafin a koro mu. Don Allah ka ƙara mani shi." Munka ce to Baba, munka ƙara. Mai saƙon farko ya sake turowa, ya ce mun nuna son kai.

Mun yi alkawarin ba da amsa, amma lokacin radiyo ba ya isa, talla na jira, labarai na jira. Shi ya sa munka kawo maganar nan, inda mutum zai karanta a tsanake. Kiɗan dai ba na coci ba ne. Mashaya kuwa, e, an buga shi a mashaya, ba za mu ɓoye ba. Amma wanda ya ce baƙo ne da bai san hanyar gidanmu ba, to ya zauna ya ji.

Sunan kiɗan hailaif. Kalmar Ingilishi ce, ma'anarta rayuwar manya, ko mu ce rayuwar ƴan gayu. A Ankara anka raɗa masa sunan, wato Accra babban birnin Gana, wajen shekarun 1920, lokacin ƙasar tana Gwalkwas a hannun Ingila. Akwai gidajen rawa na attajirai da lauyoyi da manyan akawuna baƙar fata, inda makaɗa ke buga raye-rayen Turawa, jefi-jefi kuma su ɗauko waƙar titi su yi mata ado da kayan busa. Yayan E.T. Mensah, Yebuah Mensah, wanda shi ma shugaban makaɗa ne, ya ba masanin kiɗan Gana John Collins labari cewa kuɗin shiga sule bakwai da sisi ne, kuma sai da kwat da cikakkiyar shigar dare ake barin namiji ya wuce ƙofa. Talakawa sai su tsaya waje, suna jin waƙoƙinsu na unguwa na fitowa ta taga cikin sabuwar riga. Su ne sunka ce, to, wannan ita ce rayuwar manya. Ka ga ke nan sunan ma daga bakin waɗanda anka hana shiga ya fito, da ɗan habaici a ciki.

Amma kafin a kai ga taga da kwat, sai mun ƙetare teku tukuna.

Can gaɓar Amurka ta Kudu, kusa da Benezuwela, akwai wani tsibiri da ake kira Tirinidad. An kai bayi daga Afirka can don noman rake. Tsibirin na Sifaniyawa ne har 1797 da Ingila ta ƙwace shi, amma masu gonaki da yawa Faransawa ne, shi ya sa waƙoƙin bayin na farko da gurɓataccen Faransanci ake yin su, sai wajen 1900 sunka koma Ingilishi. An soke bauta a 1834, aka sake su baki ɗaya a 1838. Daga nan bikin kanibal ya zama nasu, da ganguna da wasan sanda da waƙar gasa. Turawan mulki sunka ga abin ya fi ƙarfinsu, anka yi arangama da ƴan sanda a 1881, cikin shekarun nan kuma anka hana kiɗan ganga a titi. Mutane sunka koma buga gora, daga baya sunka koma buga durom ɗin mai da anka yanke anka daddaɓe shi har ya riƙa fidda sauti. Amma baki ba a iya hana shi. Waƙar da ta fito daga wannan matsi ita ce kalifso.

Mu Hausawa ba za mu sha wuyar gane kalifso ba. Mawaƙi ne guda da ƴan amshi. Ya ɗauko abin da ya faru cikin gari, tsadar abinci, ɗan sanda mai cin hanci, matar da ta yaudari miji, gwamnan da ya yi ƙarya, ya zuba shi cikin waƙa mai ban dariya wadda kowa zai iya rawa da ita. Mawaƙa biyu kan tsaya su yi ta jifar juna da baƙar magana, jama'a na shewa. Zambo da habaici ke nan, ba wani abu ba. Can suna ce wa waƙar jaridar talaka, kuma akwai lokacin da sai mawaƙi ya kai baitocinsa an duba kafin a bar shi ya rera.

Ga wani abu da zai ba ku mamaki. Tsohon sunan waƙar a bakin mutanen tsibirin shi ne kaiso, kalmar da ƴan kallo ke faɗa da ƙarfi idan mawaƙi ya burge su. Masana sun rabu kan asalinta. Wasu sun ce daga harshen Efik da Ibibiyo ta fito, na kudu maso gabashin Nijeriya. Wasu kuma, cikinsu har da wani babban mawaƙin kalifso mai suna Raymond Quevedo, sun ce daga Hausa ta fito, daga kaito, ko kaico. Mu dai a nan kaito ba yabo ba ne, sai abu ya ɓaci muke faɗinsa, saboda haka ba za mu rantse a kan wannan ba. Abin da ya tabbata shi ne an kai Hausawa tsibirin, kuma wata malamar jami'a ƴar can, Maureen Warner-Lewis, ta tarar da jikokinsu sun riƙe ragowar kalmomi da waƙoƙin Hausa. Ko kalmar tamu ce ko ba tamu ba ce, jininmu ya taka ƙasar.

To yaya kiɗan ya komo Afirka? Da sojoji. Ingila tana da rundunar baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, kuma ta kawo su gaɓar Gwalkwas, musamman lokacin yaƙinta da Tonawa, wato Asante, a 1873 zuwa 1874, yaƙin da anka ƙone Kumasi. An girke su a Cape Coast da Elmina. Suna da badujala, da begila da manyan ƙahonin ƙarfe. Da rana su buga wa Turawa fareti, idan an tashi aiki su buga waƙoƙin tsibiransu, ƴan uwan kalifso, masu ɗingishi da karkacewa. Samarin Fante na garin sunka ji, sunka ga baƙar fata irinsu na sa ƙahon Bature ya yi abin da Bature bai koya masa ba. Sunka nemi nasu kayan, sunka kafa badujalar gari, anka kira kiɗan adaha. Waɗanda ba su da kuɗin sayen ƙaho sunka yi nasu da ganguna da murya kawai, shi ne konkoma, wanda ya bazu cikin shekarun 1930 har ya shiga Nijeriya.

Mu tsaya nan kaɗan, don akwai namu a wurin. Cikin wannan yaƙi na 1873 akwai sojojin Hausa. Wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas tun 1863, kuma ya kai su Gwalkwas sunka yi yaƙin. Bayan haka Hausawa ne ƙashin bayan ƴan sandan soja na ƙasar, har Hausa ta zama harshen bariki. Tun kafin su ma fatakenmu na zuwa Gwanja, kasuwar Salaga, su kai kanwa da tufafi da fatu su komo da goro. Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892, sunka gangara Kumasi da Ankara da sauran garuruwa, zangon da sunka kafa yana nan har gobe, sunan unguwannin ke nan. Ba mu ce Hausawa ne sunka ƙirƙiri hailaif ba, a'a, na Fante ne da Ga da Asante. Amma ranar da ake haihuwarsa muna cikin gidan.

Jita kuma ta wata hanya ta shigo. Mutanen Kru na Laberiya su ne matuƙan jiragen ruwan Turawa a duk gaɓar, daga Saliyo har Kwango. Su sunka fara kama jita da yatsa biyu, babban yatsa na riƙe ƙasa, manuni na tsinkar sama, kamar yadda mai gurmi ko mai molo ke yi. A tashoshin jirgi, inda ake sayar da bammi, masunta da leburori sunka koya. A 1928 wasu mutum uku, ana ce musu Kumasi Trio, shugabansu Kwame Asare, sunka je Landan kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙinsu a faifan garmaho. Ɗaya daga ciki, "Yaa Amponsah", ita ce ta zama uwa. Har yau yaron da zai koyi jitar hailaif da zubinta yake farawa, kuma ɗaruruwan waƙoƙi a kanta anka gina su.

Haka abin ya yi ta tafiya gida uku, badujalar titi, jitar talaka, da manyan makaɗan gidan rawa, har yaƙin duniya na biyu. Sojojin Ingila da na Amurka sunka cika Ankara, sunka zo da kiɗan jaz, anka rage yawan makaɗa daga taro mai yawa zuwa ƴan kaɗan masu ƙwarewa. Nan E.T. Mensah ya fito. An haife shi a 1919, aikinsa na rana haɗa magani, kuma da kuɗin kantin maganinsa ya tsayar da ƙungiyar Tempos da ƙafafunta bayan ya karɓi shugabancinta a ƙarshen shekarun 1940. Mai gangarsu, Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya je Landan ya zauna da makaɗan Karebiyan, ya komo da faya-fayen kalifso da ƙananan ganguna irin na Kuba. Lokacin kuwa Landan ta zama mahaɗa. A 1948 babban mawaƙin Tirinidad, Lord Kitchener, ya sauka Ingila, kuma faya-fayensa sun yi kasuwa ƙwarai a Afirka ta Yamma. Da Gana za ta samu ƴancin kai ran 6 ga Maris 1957, shi ya yi mata waƙa daga Landan. Wannan shi ne zuwan kalifso na biyu. Na farko cikin kakin soja, na biyu cikin faifai.

Tempos sunka fara naɗar faifai da kamfanin Decca a 1952, kuma idan ka duba bayan faya-fayen za ka ga an rubuta irin kiɗan kusa da sunan waƙa, wannan hailaif, wannan kalifso, ƙungiya ɗaya ke buga su duka. A 1956 Louis Armstrong ya zo Ankara ya yi busa tare da E.T. Mensah. Kwame Nkrumah ya rungumi kiɗan a matsayin na ƙasa, har ya so a canza masa suna zuwa osibi don a rabu da kalmar Turawa. Jama'a ba su bi shi ba.

Yanzu ga yadda za ka gane shi idan ka ji. Kada ka bi ƙahonin tukuna, ka saurari ƙasa. Akwai ɗan ƙarfe, ko sanduna biyu, ko kwalba da ake bugawa da kusa, yana maimaita bugu ɗaya daga farko har ƙarshe, ba ya canzawa. Shi ne turken. Kowa a kansa yake ɗaure akuyarsa. Bugun ba ya faɗawa daidai inda ƙafarka ta sauka, yana shiga tsakani ne, shi ya sa kafaɗa ke motsi ba ka ba ta izini ba. Sama da shi jita na zuba kamar ruwan famfo da ba a rufe da kyau ba. Sai ƙahoni su shigo tare, su faɗi magana, mawaƙi ya amsa, ko shi ya faɗa su amsa. Babu gaggawa. Wannan ne ya raba shi da kiɗan Kwango na baya-bayan nan ko na Abijan, inda ake zufa kamar ana sussuka. Rawar hailaif ta namiji da mace ce a natse, ɗan taku, ɗan jan ƙafa, mutum na iya yin ta da babbar riga hularsa ba ta faɗi ba. Sautin na farin ciki ne ko da maganar ta baƙin ciki ce, kuma nan gadon kalifso ya fi fitowa: mawaƙi na ba ka labarin talauci, ko abokin da ya ci amana, ko mutuwar uwa, kai kuwa kana rawa. Mu a ganinmu wannan shi ne daɗinsa, kuma shi ne abin da matasanmu ba su saba da shi ba, don yanzu waƙar baƙin ciki sai an sa mata kuka da fiyano mai jan rai.

Nijeriya ta kamu ne da Tempos sunka fara zuwa Legas a farkon shekarun 1950. Bobby Benson, wanda da jaz da kalifso yake bugawa, ya juya. Daga hannunsa Victor Olaiya ya fito, wanda ya yi kiɗa a bikin ƴancin Nijeriya a 1960. Sai Rex Lawson, da Osita Osadebe, da Victor Uwaifo. Fela ma da hailaif ya fara kafin ya gano tasa hanyar. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, kuma duk inda dogo ya bi akwai Sabon Gari, akwai otal, akwai makaɗa: Kano, Zariya, Kaduna, Jos.

Ta nan ya shigo mana. Mu da munka yi lakwal, abin da kunnenmu ya taso da shi daban ne. Ɓangaren Faransa kiɗan Kuba ya fi so, sannan rumbar Kwango, su Franco da Tabu Ley, daga baya zuk. Da anka buɗe Radiyo Nijar a 1958, da makaɗan zamani na Yamai, wannan hanyar sunka fi bi, kuma ita mushe da ma'aikacin gwamnati ke rawa da ita daren bal. Hailaif bai biyo ta lakwal ba, bai biyo ta Yamai ba. Ta kudu ya hauro, a kan kan mutanen da ba su san a ba su san b ba. Gyaɗar ƙasar nan ta Tasawa da Maraɗi ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Legas. Direbobi da yaran mota na kai da komo lokacin tireti. Samari kuwa da an gama girbi sai cin rani, wasu haƙar kuza a Jos, wasu ga-ruwa da gadi a Kano da Legas, masu dogon zango su wuce har Kumasi da Ankara. Mai komowa da damina yana son a san ya je. Zai zo da keke, da agogo, da tabarau, da atamfa ta uwa, wanda ya samu da yawa kuma ya zo da garmaho ko akwatin radiyo, daga baya rikoda da kaset. Jean Rouch ya ɗauki wannan rayuwa a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya fara ɗauka a 1954, labarin samari uku ƴan Nijar, cikinsu har da Damouré Zika, da sunka tafi Gwalkwas neman kuɗi. Su mutanen bakin kogi ne, ba na nan ba, amma wanda ya kalli fim ɗin zai ga kakansa a ciki.

Sai hanyar ta yi ta tsinkewa. Kashe-kashen 1966 sunka watsa Sabon Gari, makaɗan hailaif da yawa mutanen gabas ne, sunka gudu gida, yaƙin Biyafara ya biyo daga 1967 zuwa 1970. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Hausawa da Zabarmawa da Yarabawa sunka ɗaure abin da za su iya ɗauka, wasu an haife su can ba su taɓa ganin Nijar ba. Wannan ita ce korar da Baban da ya kira mu yake nufi. Kiɗan bai mutu ba, don a 1976 Prince Nico Mbarga ya fidda "Sweet Mother", wadda babu tashar motar da ba ta shiga ba a Afirka, kuma mun tabbata da yawa cikin masu zaginmu ranar Asabar sun san amshinta ba su san hailaif ce ba. A Gana kanta dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 ta kashe gidajen rawa, makaɗa sunka watse, wasu Jamus, wasu coci. To ka ji inda mai cewa kiɗan coci ya samo tasa: coci ce ta ɗauki makaɗan da yunwa ta kora, da jitarsu da komai.

Akwai Bahaushen da ya gwada da gaske. Bala Miller, an haife shi a Pankshin a 1928, mahaifinsa mutumin Zariya ne, limamin Kirista. Ya yi karatu a Legas, ya yi hulɗa da su Victor Olaiya, yana tsara waƙoƙi da Hausa. A 1977 ya kafa babbar ƙungiyarsa a Kaduna, da ƙahoni da jita da ganguna, kuma waƙarsa "Ikon Allah" har yanzu tsofaffin ma'aikata na tuna ta. Ya rasu a 2003. Ku nemi waƙoƙinsa a intanet ku ji yadda Hausa ke zama daram a kan wannan kiɗa.

Amma me ya sa bai yi ƴaƴa da yawa ba? Tambayar da ta fi damun mu ke nan. Mu dai ga abin da muke gani. Da farko, wurin da hailaif zai zauna ya tarar da mai shi. Rawar dare ta bariki a ƙasar Hausa goge da kukuma ke da ita, su Garba Supa da Ahmadu Doka, kuma su ma malamai ba su ƙyale su ba. Wanda zai saɓa, ya gwammace ya saɓa da harshen da yake ji. Ga kuma Shata da kalangu, ga Ɗan Maraya da kuntigi yana yi wa karen mota da talaka waƙa, wato aikin da kalifso ke yi can shi ya riga ya yi shi nan da tsirkiya ɗaya. Sannan kayan akwai tsada. Ƙaho guda ya fi kuɗin goge goma, kuma a ƙasarmu soja da ɗan sanda ke da su. Rawar namiji da mace riƙe da juna ma ba ta shiga al'adarmu ba. Abin da ya ƙarasa shi kuwa fim ɗin Indiya ne. Tun shekarun 1960 sinimomi ke nuna shi, soyayya da kunya, ba riƙe juna, iyaye na hana aure, duk abin da munka sani. Da finafinan Kano sunka taso bayan 1990 da fiyano guda mai yin aikin mutum goma, magana ta ƙare. Ba kuka muke ba, kowane zamani da nasa. Amma a faɗi gaskiya, shi ma wannan da ake kira kiɗan gida yau, daga Bombay kakarsa ta zo, babu wanda ya kira waya ya ce baƙo ne.

Wani ɗan uwan hailaif ma ya shige mana gida ba mu lura ba. A 1800 anka sauke wasu ƴantattun bayi ƴan Jamaika a Freetown ta Saliyo, sun zo da wata ganga mai kusurwa huɗu, mai ƙafafu kamar kujera, makaɗi na zama a kanta yana danna fatar da diddige. Sunanta gumbe. Kafintoci da leburori sunka yaɗa ta gaɓa-gaɓa, a Gana ta zama gome ta shiga cikin hailaif, a Kodebuwa da Mali ta zama sunan ƙungiyoyin rawa na samari da ƴan mata, har Rouch ya yi fim a kan ɗaya a Abijan a 1965. Yanzu ku tuna sunan ƙungiyar Mali Yaro: Goumbé Star. Da munka fara karanta wannan tarihi sai da munka ajiye littafin munka yi dariya. Kuma idan kunka saurari jitar marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi, ko ta Tal National, a kunnenmu akwai wuraren da wannan zubin na gaɓar teku ke leƙowa, ko da an cuɗa shi da na Kwango da na gida.

Abin da ya sa munka ɗauki maganar da zafi shi ne wannan. Mutanen da sunka ɗauko kiɗan a kansu suna ƙarewa. Wanda ke da shekara ashirin lokacin korar 1969 yau ya haura saba'in. Faifan garmaho da ya faɗi ya fashe, yara na wasan mota da shi. Kaset zafin Afrilu na narkar da shi, mata na ɗaure kayan miya da zarensa, manoma na kewaye gona da shi don korar tsuntsu. A ɗakin ajiyarmu na radiyo abin da ya rage bai cika kwali biyu ba, kuma wanda munka saka ranar Asabar ma daga intanet munka sauke shi, ba daga hannun mutanenmu ba. Waƙar E.T. Mensah ba za ta ɓace ba, Turawa sun adana ta. Abin da zai ɓace shi ne wane ne ya kawo ta Tasawa, a wace shekara, nawa ya saya, a ƙofar gidan wa anka fara kunna ta, me liman ya ce, wace yarinya ce ta fara taka rawar anka yi mata duka. Wannan babu shi a Landan.

Saboda haka ga roƙonmu. Wanda ke da tsohon faifai ko kaset a gida, na hailaif ne, na goge ne, na wasan samariya ne, kada ya jefar. Ya kawo gidan radiyo, mu kwafe a kwamfuta mu mayar masa da abinsa a hannu, mu zuba masa kwafi a waya kyauta. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa da sunka yi zaman Kumasi, Ankara, Jos ko Legas, ya rubuta mana a ƙasan wannan rubutu, za mu zo da na'ura. Masu ganin bai dace a saka kiɗan ba, ku ma ƙofa a buɗe take, ranar Asabar za mu ba ku minti goma na farko ku faɗi hujjarku, ba za mu katse ku ba.

Baban nan na yankin Mayahi mun sake kiran sa ranar Litinin. Ya ce ya komo daga Kumasi da faifai shida cikin adaka, a kan babbar mota, kwana da kwanaki a hanya. Huɗu sun fashe. Biyu suna wurin ɗiyarsa, ta sa su ƙarƙashin kwanonin jerenta, garmahon kuwa tun yunwar 1984 anka sayar da shi anka sayi hatsi. Mun yi da shi za mu je ranar kasuwarsu mai zuwa. Abin da ya rage mana yanzu shi ne allura da injin da zai juya faifan, wanda ya san inda za a samu a Tasawa, Maraɗi ko Katsina ya taimaka ya sanar da mu.